Nazarin Lamari: Yadda Ƙaramin Kamfanin Intanet Ya Zama Mashigar Manyan Dilolinsa Biyu

Yadda wurin yake kafin matsala

Kamfanin ƙarami ne, yana sayar wa ofisoshi da makarantu da shaguna intanet a wani babban birni na arewacin Najeriya. Yana da lambar AS ta kansa, wato lambar da ake sanin kowace cibiyar sadarwa mai cin gashin kanta da ita, da gungun adireshi /22, adireshi 1,024 ke nan, da ya samu daga AFRINIC, hukumar da take rabon adireshin intanet a Afirka. Tun Janairun 2020, da adireshin IPv4 suka yi ƙaranci a hannunta, /22 ne mafi girman abin da AFRINIC take bayarwa a buƙata guda. A wannan rubutu an musanya lambobin gaskiya da waɗanda aka keɓe don gwaji da misali: kamfanin shi ne AS64500, gungunsa kuma 198.18.0.0/22.

Dila ɗaya yake sayen intanet a wajensa, za mu kira shi Dila A. Layin 1 Gbps ne, yana sauka a kan rauta ƙirar Cisco mai aiki da IOS, wato manhajar da Cisco take sa wa rautocinta, za mu kira ta R1. Dila A yana turo cikakken teburin hanyoyin intanet ta BGP, wato tsarin da cibiyoyin sadarwa suke sanar wa juna hanyoyin isa ga adireshi da shi, hanyoyi sama da 900,000. Cikin kwastomomin kamfanin akwai ɗaya mai magana da BGP, wata babbar makaranta mai lambar AS64501 da gungun 203.0.113.0/24. Makarantar tana da ƙaramin layin ko-ta-kwana daga wani kamfanin daban.

Babu matata ko ɗaya a kan abin da R1 take sanar wa waje, kuma hakan bai taɓa jawo komai ba. Duk hanyar da R1 ta koya daga Dila A, ko ta mayar masa da ita, zai ga lambarsa a cikin jerin AS ɗin da hanyar ta biyo, sai ya yi watsi da ita. Haka BGP yake kare kansa daga kewaye. Muddin ƙofa ɗaya ce, wannan dokar kaɗai tana rufe asirin rashin matata.

Daren Alhamis: an kunna layi na biyu

Yawan yankewar faiba ya sa kamfanin ya sayi layi na biyu, 500 Mbps, daga Dila B. Aka kawo sabuwar rauta, R2, aka haɗa ta da R1 ta BGP na cikin gida domin kowacce ta san abin da 'yar'uwarta ta sani. Saitin R2 kwafin na R1 ne, adireshin maƙwabci, wato rautar dilan da take magana da ita, kawai aka canza.

Da ƙarfe 11:00 na dare zaman BGP da Dila B ya tashi. Kafin 11:05 sabon layin ya cika maƙil da data mai shigowa, kwastomomi suka fara kira cewa shafuka ba sa buɗewa. Injiniyan da ke bakin aiki ya ɗauka harin ambaliyar data ne, ya duba adireshin da datar take nufa, ya ga ko ɗaya ba na kamfanin ba ne. Ya kashe R2 ya sake kunna ta. Aka samu sauƙi na 'yan mintunan da ta ɗauka tana tashi, sannan komai ya koma yadda yake.

Akwai alamar da ba a lura da ita ba a daren. Kamfani irin wannan saukewa yake yi fiye da ɗorawa, don haka abin da yake fita ta layin Dila A bai saba wuce 100 Mbps ba. A daren ya haura 500. Abin da yake shigowa ta B shi ne yake fita ta A.

Da ƙarfe 11:40 Dila B ya rufe zaman daga ɓangarensa. Da safe saƙonsa ya iso: kun sanar mana da dukan teburin intanet.

Ga yadda abin ya faru. R1 ta koyi hanyoyi daga Dila A, ta miƙa wa R2, ita kuma IOS, idan ba a hana ta ba, tana sanar wa maƙwabcin waje duk hanyar da ta zaɓa a matsayin mafi kyau. Sanar da hanya a BGP alkawari ne, ma'anarsa a kawo mini kayan wannan adireshi zan isar. Dila B kuma, kamar kusan kowane dila, yana fifita hanyar da ta zo daga kwastomansa a kan wadda ta zo daga wanda shi yake biya, don ta nan kuɗi yake shigowa. Sai ya juyo da datar kwastomominsa gaba ɗaya cikin layin 500 Mbps. Kamar ɗan kamasho ne ya tsaya a tasha yana kiran Legas da Sakkwato da Maiduguri a lokaci guda, alhali mota ɗaya ce a gabansa, fasinjoji kuma suka amsa.

Juma'a: jerin tacewa na farko

Shugaban injiniyoyi ya rubuta jeri mai layi ɗaya, ya ɗaura shi a kan maƙwabtan biyu ta ɓangaren fita:

```
ip prefix-list NAMU seq 5 permit 198.18.0.0/22
neighbor <dila> prefix-list NAMU out
```

Dila B ya buɗe zaman, amma a wannan karon ya sa iyaka: idan hanyoyin da kamfanin ya turo suka wuce 20, zaman ya faɗi da kansa. Yoyon hanyoyin, wato sanar wa dila hanyoyin da aka koya daga ɗaya dilan, ya tsaya. Sai wasu matsaloli biyu suka fito kafin sallar Juma'a.

Ta farko, makarantar ta kira. Kowane jerin tacewa yana ƙarewa da hani na ɓoye, duk abin da ba a ambata ba an hana shi. Gungun makarantar ba ya cikin jerin, don haka duniya ta daina ganin ta ta hannun kamfanin, datarta duka ta koma ƙaramin layin ko-ta-kwana, shi kuma ya shaƙe.

Ta biyu, kamfanin ya tsara sanar da gungu biyu na /24, kowanne mai adireshi 256, daga cikin /22 ɗinsa ta Dila B kaɗai, domin wani ɓangare na kwastomomi ya riƙa saukewa ta sabon layin, tunda a intanet gungun da ya fi ƙanƙanta shi yake cin nasara. Ko ɗaya bai fita ba. Layin da ba a sa masa `ge` ko `le` ba, wato kalmomin da suke barin ƙananan gungu na cikinsa su wuce, daidai-wa-daida yake kamawa: /22 ɗin kansa, ba 'ya'yansa ba. Aka ware wa Dila B jeri nasa mai `le 24`, wanda yake barin gungu 7 su wuce, wato /22 ɗaya, /23 biyu da /24 huɗu. Aka ƙara gungun makarantar a jerin biyu.

An yi kusan rabin awa ana kallon allo babu canji. IOS ba ta sake tura tsofaffin hanyoyi don kawai an gyara jeri, sai an umarce ta da `clear ip bgp <dila> soft out`, wanda yake sabunta sanarwar ba tare da karya zaman ba. Da aka buga shi, makarantar ta dawo.

Litinin: harafi ɗaya

Ana son /22 ɗin ya fi bin Dila A, don haka aka yanke shawarar tsawaita jerin AS ɗinsa a ɓangaren Dila B, tunda BGP ya fi son hanya mai gajeren jeri. Wannan yana buƙatar route-map, wato jerin sharuɗɗa da yake iya tace hanya ya kuma gyara bayananta. Aka cire layin `neighbor ... prefix-list`, aka mayar da jerin cikin route-map, aka kuma sake masa suna. An ƙirƙiri jerin da sunan NAMU_FITA, amma a cikin route-map an rubuta NAMU-FITA.

IOS ba ta ƙi karɓar saitin ba. A wajenta, jerin da babu shi ko wanda babu komai a cikinsa yana barin kowace hanya ta wuce. Cikin ƙasa da minti ɗaya hanyoyin da aka tura wa Dila B suka haura 20, zaman ya faɗi. Kwastomomi ba su ji komai ba sai ɗan jinkiri, don komai ya koma layin Dila A. An ɗauki awa biyu kafin a gano bambancin sunayen, a gyara, a kuma roƙi Dila B ya ɗaga zaman da hannu.

Daga ranar aka kafa doka: bayan kowane canji sai an buga `show ip bgp neighbors <dila> advertised-routes` an ƙirga. Ya kamata Dila A ya ga hanyoyi 2, Dila B ya ga 4.

Mako na biyar: yoyon da bai yi ƙara ba

Makonni huɗu suka wuce lafiya. Sai masu aikin titi suka yanke faibar da ta haɗa kamfanin da makarantar. Makarantar ta koma layinta na ko-ta-kwana kamar yadda aka tsara, kowa ya ɗauka sai jiran gyaran waya.

A rana ta uku jami'in kwamfuta na makarantar ya aiko da sakamakon traceroute, gwajin da yake nuna rautocin da data take bi. Ɗaliban da suke ƙoƙarin buɗe shafin makarantar daga layukan da ke ƙarƙashin Dila B suna shan jinkiri mai yawa, kuma datarsu tana bi ta cikin R2 da R1, alhali babu wayar da ta haɗa kamfanin da makarantar a lokacin. Tambayarsa ita ce: Oga, me muke yi a cikin rautarku bayan layinmu a yanke yake?

Ƙirgar da aka kafa doka a kanta ta ce komai daidai: Dila B yana ganin hanyoyi 4. Sai da aka duba jerin AS na hanya ta huɗu aka ga inda gizo yake saƙa. Da wayar makarantar ta yanke, R1 ta rasa hanyar kai tsaye zuwa 203.0.113.0/24. Amma gungun bai ɓace daga duniya ba, yana yawo ta ɗaya kamfanin, har ya iso Dila A, shi kuma ya turo shi cikin cikakken teburi kamar kowace hanya. R1 ta karɓa, ta ba R2. R2 ta tambayi jerin tacewa ko 203.0.113.0/24 yana ciki. Yana ciki. Ta sanar wa Dila B. Dila B ya duba nasa jerin, gungun yana cikin waɗanda ya yarda kamfanin ya turo, kuma daga kwastoma ya zo, sai ya fifita shi.

Data ta riƙa tashi daga Dila B ta shiga kamfanin, ta fita ta Dila A, ta zaga ta ɗaya kamfanin, sannan ta isa makarantar. Kamfanin yana biyan kuɗin layuka biyu don ɗaukar kayan da ba ta hannunsa ya kamata su bi ba. Wannan shi ne nau'i na farko cikin nau'o'in yoyon hanyoyi da RFC 7908, ɗaya daga cikin takardun tsarin intanet da ake kira RFC, ta lissafa a 2016: a koyi hanya daga dila ɗaya a sanar wa wani dilan. Shi ne dai abin da ya faru a daren Alhamis, sai dai yanzu hanya ɗaya ce tak.

Babu shingen da ke wurin da zai iya kama shi. Iyakar 20 ba ta motsa ba. Jerin adireshi na ɓangarorin biyu ya amince. Ko da ana tantancewa da RPKI, tsarin tabbatar da mai haƙƙin sanar da gungu, da ya wuce, domin RPKI yana duba wanda ya fara sanar da gungun ne, kuma nan makarantar ce da kanta, mai haƙƙinsa.

Mako na shida: tacewa da jerin AS

Maganin gaggawa shi ne a ƙara sharaɗi a kan inda hanyar ta biyo:

```
ip as-path access-list 10 permit ^$
ip as-path access-list 10 permit ^(64501_)+$
neighbor <dila> filter-list 10 out
```

Layi na farko yana barin hanyoyin da kamfanin ya haifa da kansa, na biyu yana barin waɗanda babu kowa a jerinsu sai makarantar. Hanyar da ta zo ta Dila A tana ɗauke da lambarsa, don haka ta tsaya. Yoyon ya ƙare nan take.

Da an tsaya a nan, ba don kamfanin yana shirin shiga IXPN ba, cibiyar da kamfanonin intanet na Najeriya suke musayar data a tsakaninsu. A irin waɗannan cibiyoyi akwai na'ura mai rarraba hanyoyi ga mambobi, kuma bisa tsarin RFC 7947 ba ta sa lambarta a cikin jerin AS. Idan makarantar, ko wani kwastoma nan gaba, ta shiga cibiyar ita ma, hanyarta za ta iso kamfanin ta can da jeri mai lamba ɗaya, 64501, babu bambanci da wadda ta zo ta wayar da ake biya. Aka gwada hakan a kan rautocin gwaji a kwamfuta, hanyar ta wuce matatun biyu ba tare da tangarɗa ba.

Mako na takwas: tambari a bakin ƙofa

Aka sake tsarin daga tushe. Maimakon a jira hanya ta zo fita sannan a yi ƙoƙarin gane asalinta, sai a buga mata tambari tun a ƙofar da ta shigo, da abin da BGP yake kira community. Tambari huɗu aka tsayar: 64500:100 na gungun kamfanin, 64500:200 na kwastomomi, 64500:300 na abokan musaya, 64500:400 na diloli.

```
route-map DAGA-MAKARANTA permit 10
 match ip address prefix-list MAKARANTA
 set community 64500:200
 set local-preference 200

ip community-list standard NA-FITA permit 64500:100
ip community-list standard NA-FITA permit 64500:200

route-map ZUWA-DILA permit 10
 match community NA-FITA
```

An kula da ƙananan abubuwa uku. Ba a sa kalmar `additive` a kan `set community` ba, domin sabon tambarin ya goge duk wanda hanyar ta zo da shi, kada wani daga waje ya buga wa hanyarsa 64500:200 ya shigo da ita. An rubuta tambarin biyu a layuka daban, domin idan suna layi ɗaya IOS tana neman hanyar da take ɗauke da duka biyun. An kuma mayar da layin `neighbor ... prefix-list` kusa da route-map, ta yadda kuskuren suna a ɗaya ba zai buɗe ƙofa gaba ɗaya ba.

An kunna tsarin da ƙarfe 2:00 na dare. Ƙirgar Dila A ta ba da 2, ta Dila B ta ba da 3, gungun makarantar bai fita ta R2 ba. Wayar makarantar a kan R1 take sauka, a can ake buga tambarin, kuma IOS ba ta tura tambari ga kowane maƙwabci, ko na cikin gida, sai an rubuta `neighbor ... send-community`. Hanyar ta isa R2 babu tambari, R2 ta riƙe ta. Minti goma aka ɗauka ana gyarawa, makarantar tana kan Dila A a tsawon lokacin.

A daren aka gyara ɓangaren shiga. Daga diloli an hana adireshin cikin gida na RFC 1918, wato 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16, kowanne da `le 32`, an hana gungun kamfanin kansa ya dawo daga waje, an hana duk abin da ya fi /24 ƙanƙanta. An sa wa makarantar iyakar hanyoyi 5. Jerin MAKARANTA kuma an daina rubuta shi da hannu, manhajar bgpq4 take fitar da shi daga rajistar hanyoyi ta AFRINIC, bayan makarantar ta yi rajistar gungunta a can.

Mako na tara: gwaji da gangan

Da izinin makarantar aka rufe layinta na minti 15 da tsakar dare. Gungunta ya bayyana a R1 ta hannun Dila A, ɗauke da 64500:400. Ƙirgar Dila A ta sauka zuwa 1, ta Dila B zuwa 3. Aka buɗe layin, suka koma 2 da 4. Bayan wata biyu faibar ta sake yankewa da gaske, jadawalin layukan biyu bai nuna wata baƙuwar data ba.

Hukunci

Jerin tacewa na ranar Juma'a ba kuskure ba ne, amma tambaya ɗaya kawai yake iya amsawa: wane adireshi ne wannan? Manufar kamfanin kuwa ba a kan adireshi take ba. Manufar ita ce, abin da na koya daga wanda yake biya na zan sanar wa kowa, abin da na koya daga wanda nake biya ba zan sanar wa kowa ba sai kwastomomina. Gungu ɗaya yana iya zama halal da safe ya zama haram da yamma, gwargwadon ƙofar da ya shigo. Rautar da ke bakin ƙofar ce kaɗai ta san wannan tabbas, shi ya sa tambarin ya yi aiki inda jerin adireshi da jerin AS suka gaza.

A ganina abin da ya fi muhimmanci a lamarin shi ne bambancin kuskuren Litinin da na mako na takwas. Duka biyun kuskure ne na layi ɗaya. Na farko ya buɗe ƙofa ga hanyoyi 900,000, na biyu ya riƙe hanya ɗaya da ya kamata ta fita. Injiniyoyi za su ci gaba da yin kuskure da ƙarfe biyun dare, don haka tsarin da kuskure yake rufe shi ya fi wanda kuskure yake buɗe shi. Wannan tunanin ne ya haifar da RFC 8212 a 2017, wadda ta ce kada rauta ta karɓa ko ta sanar da komai ga maƙwabcin waje sai an rubuta mata manufa. IOS XR, wata manhajar ta Cisco, haka take tun da daɗewa. Rautocin wannan kamfani ba haka suke ba, kuma irinsu ne a hannun ƙananan kamfanoni da yawa.

Dila B yana da nasa kason laifin. Karɓar duk abin da sabon kwastoma ya turo, babu jeri babu iyaka, sakaci ne da bai dace da dila ba. Iyakar 20 da ya sa daga baya ta mayar da yoyon Litinin abin da kwastomomi ba su ma ji ba, kuma layi ɗaya ce a saiti. An ga irin wannan a babban mataki ranar 12 ga Nuwamba 2018, lokacin da MainOne ta Legas ta sanar wa China Telecom gungu 212 na Google, hanyoyin da ta koya ta musayar da take yi da Google a IXPN. China Telecom ta karɓa ta miƙa gaba, har data ta riƙa bi ta TransTelecom ta Rasha. Abin ya ɗauki minti 74, MainOne kuma ta ce kuskuren saitin matatun BGP ne a yayin wani aikin haɓaka cibiyarta. Matata ɗaya a kowane ɓangare da ta tsayar da shi.

Sake kunna R2 a daren farko ɓata lokaci ne, kuma jadawalin fitar data ta layin Dila A yana ɗauke da amsar tun minti biyar na farko. Dokar ƙirga hanyoyi ta taimaka, amma ta ba da kwanciyar hankalin ƙarya har kwana uku a mako na biyar. Yanzu ana duba jerin AS da tambarin kowace hanya tare da adadinsu.

Abu biyu sun rage. RFC 9234 ta 2022 ta kawo hanyar da maƙwabta biyu za su bayyana matsayinsu, dila ko kwastoma ko abokin musaya, tun a buɗe zaman, rauta ta hana irin wannan yoyo da kanta. Tana cika aiki ne idan ɓangarorin biyu sun kunna ta, kamfanin kuma bai kai ga tattauna ta da dilolinsa ba. Na biyu shi ne IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, wanda yake da nasa jerin tacewa dabam. Zamansa da Dila B yana rufe har sai an rubuta masa irin waɗannan matatun an gwada su.